Yatsu Huɗu Sama da Saiti

Ranar Talata da hantsi aka tsinci gawar Orval Brekke a bakin rafin da ke bayan garken tumakinsa. Harsashi ya shige shi ta ƙarƙashin hammatar hagu, bai fita ba. Kafin rana ta take tsaka duk kwarin Bitter Fork ya gama yanke hukunci, don mu nan ba ma jiran alƙali in dai akwai baƙo a kusa.

Baƙon shi ne Eusebio Huamán, makiyayin Orval, mutumin Peru. Shekararsa goma sha bakwai yana kiwon tumakin gidan Brekke, babu gidan da bai taya karɓar haihuwar tunkiya ba a kwarin nan, amma har ranar "ɗan Peru ɗin nan" ake ce masa. Kinnaman, ɗan sandan da gunduma ta ajiye mana, ya iske shi zaune kusa da gawar, jini har gwiwar hannu, da libarba a ƙugunsa wadda aka harba sau uku. Ya ce sama ya harba don neman agaji, yadda kowa ke yi a daji. Babu wanda ya musa cewa haka ake yi, babu kuma wanda ya yarda da shi. Mutane sun ji ƙarar bindiga da safen, amma lokacin haihuwar tumaki ne, kowa na korar dila, wa zai tsaya ƙirga harbi? Aka kulle shi a ɗakin bayan ofishin Kinnaman, aka ce ranar Litinin za a kai shi hedikwatar gunduma a tuhume shi da kisan kai.

Ni ne Merle Tobiason. Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran bindiga a garin nan, kuma na fi gane mutum ta saitin bindigarsa, wato abin da ake auna hari da shi, fiye da ta fuskarsa. Ni ma na gyaɗa kai da aka ce ɗan Peru ne. Ina faɗar wannan tun yanzu don kada a ɗauka na fi sauran.

Laraba da safe Lorna Etchart ta turo ƙofar shagona. Lorna ta shekara talatin tana bi wa gwamnati sawun namun dajin da ke kashe dabbobi, kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. 'Yar ƙaramar mace ce, kunnenta ɗaya ya mutu, bakinta kuwa lafiya lau.

"Tsoho, rufe shagon nan ka ɗauko tabaranka."

"Wa kike ce wa tsoho? Wata takwas ne fa tsakaninmu."

"To ka ji, wata takwas. Tashi."

"Kinnaman ya ce ya kama mutuminsa."

"Kinnaman? Ko saniya ce ta bi ta cikin dusar ƙanƙara a gabansa sai ya ɓatar da sawunta. Na je rafin jiya da yamma. Tumaki dubu sun tattake wurin kamar an yi huɗa. Ƙasa ba ta gaya mini komai ba tukuna, shi ya sa nake son bindigogi su yi magana. Kai ke jin yarensu."

Na ɗauko tabarau. Ba a gardama da Lorna, ɓata yawu ne.

*

Gidan Brekke muka fara zuwa. Teburin kicin ya cika da tukwanen da maƙwabta suka kawo, dankali da cuku, gasasshen naman rago, kek iri uku, babu wanda aka taɓa. Maxine, matar Orval, tana zaune a kujerar da ke fuskantar taga, hannayenta a kan cinya. Shekararsu arba'in da huɗu da aure. Na yi mata gaisuwa, ta dube ni kamar daga ƙetaren kogi. Kicin ɗin yana ƙamshin man goge bindiga, amma ban kawo komai a raina ba, don Orval na shirin gasar harbi ta ranar Asabar, akwatin bindigarsa ma ga shi can a kan firiji.

Lorna ta durƙusa a gabanta, gwiwoyin nan suna ƙara.

"Maxine, ina Tuck?"

Tuck karen Orval ne, inda ka ga ɗaya ka ga ɗaya.

"Bai dawo ba," in ji Maxine.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Curtis Pohl, mijin 'yarsu Carol, ya shigo daga baranda. "Ai ba sai an tambaya ba. Wanda ya harbe Baba shi ya harbe karen ya jefa a wani rami. Ku bar Mama ta huta."

Muka bi shi baranda. Curtis tarakta yake sayarwa a gari, kuma duk kwarin ya ji labarin ihun da suka yi da Orval a kan teburin cin abincin bikin Ista, shi yana cewa a sayar da tumaki a koma shanu, tsohon yana cewa sai bayan ransa.

"To ga shi bayan ransa ya zo," in ji Lorna. "Ina bindigarka?"

Fuskarsa ta yi ja. "Haba, Lorna! Ni za ki tambaya? Ranar Talata ina kan kujerar likitan haƙori tun ƙarfe takwas, duba kumatuna."

Kumatun kam ya kumbura. Duk da haka ya ɗauko ta daga akori-kurarsa ya miƙo mini. Ni na sa mata saitin, mai ɗigo uku kore masu haske a cikin duhu, ɗaya a kan tsinken gaba, biyu a gefen tsagar baya. Ka jera su uku a layi, ka rufe abin da kake so da na tsakiya, harsashi ya tafi can. Na masu tsoron ɓarawo ne, da rana kuwa bai fi saitin ƙarfe zalla da komai ba.

"Ta yi ƙura," na ce wa Lorna a mota. "Rabon da a harba ta tun bara."

"Na gani. Ƙafarsa ma ban ga alamar ta san hanyar rafi ba."

*

Dell Farnum maƙwabcin Orval ne ta sama. Shekara ashirin da biyu suna rigima a kan ƙofar magudanar ruwa, wannan ya buɗe da safe, wancan ya rufe da yamma. Mun same shi yana gyaran shinge.

"Na san za ku zo," ya ce. "Lorna mai shinshine-shinshine da Merle mai sai gobe. Ku zo ku kama ni in huta da shingen nan."

"An ce ka taɓa rantsuwa sai ka binne shi a magudanar," in ji Lorna.

"Sau nawa ma! Shi ma ya rantse. Yarinya, da harbe shi zan yi, ai da tun ina da ido na yi."

Idon Dell ya yi yana, shi ya sa shekara biyu da suka wuce na cire masa saitin ƙarfe na ɗora masa ɗan madubi mai jan ɗigo. Wannan ba ruwansa da jera gaba da baya. Ka leƙa madubin, inda jan ɗigon ya zauna nan harsashi zai sauka. Matasa suna sonsa don sauri, tsofaffi suna sonsa don ya dawo musu da abin da shekaru suka ƙwace. Orval kuwa ya tsane shi, yana ce masa talabijin a kan bindiga.

"Da wannan kana iya samun mutum daga taku arba'in," na ce.

"Da wannan ina iya samun maɓallin rigarsa." Ya ajiye guduma, ya juya mana baya yana kallon gonar Brekke. Da ya sake magana muryarsa ta canza. "Jiya da safe na je na buɗe ƙofar ruwan. Da yamma na koma, tana nan a buɗe yadda na bar ta. Na tsaya kamar wawa. Ni da kaina na rufe ta."

Muka bar shi a bakin shingensa.

*

Kinnaman ya bar mu muka ga Eusebio ranar Alhamis. Yana zaune a bakin gadon ƙarfe, hularsa a gwiwa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an ba marayun 'yan raguna madara.

Na sa Kinnaman ya nuna mini libarbar. Na san ta sarai. Tsohuwa ce, saitin bayanta wata 'yar kwata ce kawai da aka zana a saman ƙarfen, tsinken gaba kuma ya lanƙwashe don Eusebio na ɓamɓare ƙusar shinge da shi. Sau uku ina ce masa ya kawo in miƙe, sai ya yi dariya ya ce shi ƙara yake so, ba sa'a ba.

"Eusebio," in ji Lorna, "shekara nawa kana kiwo?"

"Tun ina ɗan shekara shida, a gida."

"To gaya mini. Makiyayin da ya ga maigidansa kwance cikin jini, me zai sa ya kora tumaki dubu su ratsa wurin, ya juyo da su su sake ratsawa? Na ga sawun. Sun gangara, sun hau, sun sake gangarawa."

"Tumaki suna jin ƙishirwa."

"Sau biyu?"

Ya shiga juya hular a gwiwarsa.

"Ranar Litinin za su tafi da kai," ta ce a hankali. "In ka shiga can, sai dai jikokinka su ga hotonka. Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba. Maigida na gani. Na riƙe shi, ya riga ya yi sanyi." Ya ɗago ido. "Uwargida tana cin abinci?"

A waje Kinnaman ya ce, "Kun gani? Ya goge sawunsa da tumaki. Me kuma ake nema?"

"Wanda zai goge sawunsa ba ya zama a wurin yana jiranka," in ji Lorna. "Sawun wani ya goge."

*

Juma'a da sassafe muka sauka rafin. Lorna ba ta ko kalli inda tumaki suka tattake ba. Ta yi nisa, ta fara kewaya wurin, tana faɗaɗa da'irar kowane zagaye, kanta a ƙasa, ni ina biye ina haki. A zagaye na huɗu ta tsaya a bakin wata 'yar laka, ta nuna da sanda. Sawu ne zagayayye, faɗin tafin hannuna, babu alamar farce. Kusa da shi ciyawa ta kwanta a layi, alamar an ja abu mai nauyi.

"Zakanyar dutse," ta ce, wato wata irin damisa da ke zaune a duwatsunmu.

Muka bi jan har cikin kurmi. Can ƙarƙashin wani reshe muka ga tarin ganye da ƙiraruwa, da jela baƙa mai farin baki ta leƙo. Haka zakin dutse ke rufe abin da ya kashe don ya dawo. Lorna ta yaye ganyen ta duba wuyan Tuck. Haƙora ne, babu harsashi. Ta daɗe a tsugune, hannunta a kan haƙarƙarinsa.

Muka koma inda gawar ta kwanta. Bayan wurin akwai wani tsohon gungume da ruwa ya kayar. Ta bi shi da yatsa har ta tsaya a kan ramuka biyu, sababbi, kusan a haɗe. Ta tura siririn tsinke cikin ɗaya, ta bi inda ya nuna da ido, sai ga shi ya nufi wani turken shinge a saman gangara. Na ƙirga, taku arba'in da biyu. Tumaki ba su bi gindin turken ba saboda wayar shingen, amma ƙasar tsakuwa ce, ba ta riƙe sawu ba. A saman turken dai akwai ɗan baƙin hayaƙin albarushi.

"Nan aka ɗora hannu," in ji Lorna. "Ɗauko mini igiyar ɗaure ciyawa a mota."

Ta ɗaure igiyar a saman turken, ta ja ta har ramukan, ta sa na riƙe. Sannan ta dawo daidai inda faratan zakanyar suka tona ƙasa da zurfi, zurfin da ko kofaton tumaki bai cike ba. Ta durƙusa, ta kwatanta tsayin bayan dabbar da hannunta. Igiyar ta wuce sama da hannun. Ta jera yatsunta a tsakani, huɗu cif.

"Ga yadda aka yi," ta ce. "Zakanya ta danne kare a nan. Orval ya durƙusa a bayanta yana jan karensa, don wautarsa ta kai haka. Wani ya tsaya a turken can ya harba sau uku. Mutum a durƙushe babban abu ne, Merle, mai son kashe shi ƙirji zai nema. Wannan kuwa ƙasa-ƙasa ya saita, kafaɗar zakanya yake so. Biyu sun wuce ta samanta sun shiga gungume. A na uku Orval ya sunkuyo." Ta miƙe da ƙyar. "Dubi ramukan nan. Hannun da ya jera su haka bai yi rawa ba. Ba mai harbin ne ya yi kuskure sau uku iri ɗaya ba, bindigar ce ta ɗaga. Wane saiti ne ke kai harsashi yatsu huɗu sama da inda aka ɗora shi?"

Na ce mata sai na yi tunani. Ta dube ni da idon nan nata da take duban laka.

*

Ba tunanin da zan yi. Bindiga ɗaya ce tak a kwarin nan mai wannan hali, ta Orval, kuma ni na gyara ta da hannuna.

Orval ɗan gasar harbin takarda ne. Masu wannan gasa ba sa ɗora tsinken saiti a tsakiyar baƙar da'ira, don baƙi a kan baƙi ido ba ya rabewa. A gindin da'irar suke ajiye shi, inda ƙarfe shida take a fuskar agogo, sai a yi ta juya ƙusar saitin baya har harsashi ya riƙa tashi yana faɗawa tsakiya. A hannun mai ita, babu bindigar da ta fi ta gaskiya. A hannun wanda ya saba ɗora tsinke daidai kan abin da yake so, kullum sama za ta kai shi.

Maxine kuwa ta fi mijinta hannu, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ita ba ruwanta da takarda. Dila take harbi, da tata libarbar mai saitin da ke kai harsashi inda aka nuna masa, kuma duk lokacin haihuwar tumaki ba ta rabuwa da ita a ƙugu.

Na buɗe aljihun tebur na uku a shagona. Ga ta nan kwance, da 'yar takarda ɗaure a kunamarta, rubutun hannuna: Maxine, 3 ga Afrilu. Ta kawo ta ne don idonta ya fara gajiya da baƙin tsinke. Na ce zan sa mata mai koren zare, wanda ke shan hasken rana ya yi ƙyalli. Na cire tsohon a gabanta, na ce ta dawo jibi. Aikin minti ashirin ne. Ta dawo sau biyu, na ce gobe. Kifi ya fara cin ƙugiya a tafkin sama, ni kuma na tafi kamun kifi. Kwana goma sha tara bindigarta ta yi a aljihun teburina babu tsinke.

Na rufe aljihun, na zauna. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na ɗan Peru. Raina ya ce mini in yi shiru. Za a aika harsashin ɗakin bincike, watakila nan da wata biyu su gane ba na Eusebio ba ne, watakila kuma dalmar ta baje ba su gane komai ba. In na yi shiru, Maxine ta tsira, ni ma na tsira. Haka na kwana biyu da wannan tunani, har na ɗauki akwatin gawar Orval ranar Asabar da shi a ƙirjina. Ina jin kunyar faɗa, amma haka aka yi.

Lahadi da safe na kira Lorna.

"Na san za ka kira," ta ce. "Na so ne ka zo da ƙafarka."

*

Bayan an tashi daga coci ta tara mu a bakin rafin. Kinnaman ya zo da Eusebio da ankwa a hannu, yana gunaguni. Dell ya zo, Curtis da Carol suka zo riƙe da Maxine a tsakiyarsu, wasu maƙwabta kuma suka tsaya daga saman gangara. Lorna ta nuna musu inda aka rufe Tuck da ramukan gungumen, ta faɗi abin da ƙasa ta gaya mata. Sannan ta kafa ɗan ƙaramin farantin takarda a kan sanda daidai tsayin kafaɗar zakanya, ta ce in hau turken.

Bindigar Dell na fara ɗauka. Na ɗora jan ɗigo a tsakiyar farantin na ja kunama. Tsakiya.

"Na gaya muku," in ji Dell.

Ta Curtis, na jera ɗigon uku. Cikin farantin, ɗan ƙasa kaɗan.

Ta Eusebio, na saita iyakar iyawata. Harsashin ya tayar da ƙasa taku biyu hagu da gungumen gaba ɗaya. Wani daga saman gangara ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

"Da wannan," na ce wa Kinnaman, "ko rumbun ciyawa ba ka samu sau biyu a jere."

"To ai babu wadda ta ɗaga," in ji Kinnaman. "Mun ɓata Lahadi a banza."

"Saura ɗaya," in ji Lorna. "Curtis, ka kawo akwatin da na ce?"

Ya kawo, bai san dalili ba. Na buɗe. Ga bindigar Orval, an goge ta fes, an shafa mata mai, an kwantar da ita yadda Orval ke so, bakinta na kallon hagu. Na zuba harsashi. Na jingina da turken sosai. Na ɗora tsinken a tsakiyar farantin, ba a gindinsa ba, na harba sau biyu.

Farantin bai motsa ba. Lorna ta taka ta je gungumen, ta ɗora yatsa. Sababbin ramukan suna gefen tsofaffin, tafin hannu ɗaya zai rufe duka huɗun.

Carol ta ce, "Ban gane ba. Bindigar Baba ce. Wa zai ɗauki bindigar Baba?"

"Wanda tasa ba ta hannunsa," na ce. "Ta mahaifiyarki tana shagona tun uku ga wata. Na ce jibi, na ce gobe, ban gyara ba."

Kowa ya juya. Maxine ta zare hannunta daga na 'yarta.

"Kukan Tuck na ji," ta ce. "Na kai hannu ƙuguna, babu komai. Tasa na kan tebur, yana cikin shirya ta. Na san tana ɗagawa, Carol. Shekara talatin yana gaya mini. Kaina ya sani, hannuna ne bai sani ba."

"Mama, yi shiru, Mama..."

"Na riƙe shi har ya tafi. Ya ce kada in gaya miki. Ya ce in ce ban san komai ba. Na koma gida na goge masa bindigarsa, don ba ya son a ajiye ta da datti. Daga nan ban san abin da nake yi ba." Ta juya ga Eusebio. "Da suka ce kai ne, na so in buɗe baki, ya ƙi buɗuwa. Kullum da safe ina cewa yau zan faɗa. Kwana biyar, Eusebio. Ka gan ni, ko?"

"Na hango ki kina hawa gangara."

"Don me ba ka faɗa ba?"

"Hunturun farko da na zo, da ciwon huhu ya kayar da ni, wa ya zauna da ni kwana tara?" Ya girgiza kai. "Da kin bari kawai, uwargida."

Kinnaman ya laluba aljihu ya fito da mabuɗi. Sai da ya gwada sau biyu kafin ankwar ta buɗe. Dell ya cire hularsa. Mutanen saman gangara, masu cewa ɗan Peru ɗin nan, suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Eusebio ya murza wuyan hannunsa, ya tambayi Curtis inda aka ajiye kwalaben madara, ya nufi garke.

Kinnaman ya ce wa Maxine, cikin ladabin da ban taɓa jin yana da shi ba, dole ta biyo shi ofis ta ba da bayani. Ta ce to. Sun fara hawa gangarar sai ta tsaya, ta dawo inda nake tsaye da bindigar mijinta a hannu.

"Merle, kai ka san bindigogi. Gaya mini gaskiya. Da tawa ce a hannuna, da na same ta?"

Ina da amsoshi da yawa. Zakanya na motsi, taku arba'in ba wasa ba ne, tsoro na lalata hannun kowa, Allah kaɗai ya sani. Duk babu ƙarya a ciki, kuma kowacce za ta bar rabin nauyin a kanta. Amma na ga ramukan nan biyu kusan a haɗe.

"Da kin same ta tun a harsashin farko, Maxine."

Ta dube ni. Sannan ta gyaɗa kai, ta juya ta bi Kinnaman. Ba ta zage ni ba, a ranar ko bayanta, kuma da ta zage ni da na fi samun barci.